Me zan shuka a tsakar gida mai siminti?

Hajiya kin ce gidanki a Birnin Kebbi duk siminti ne ga wahalar ruwa, to ki nemi alobera da moda da kariya, su a jikinsu suke ajiye ruwa. Ni tsohuwar randa ce da ta tsage na kwantar a gefe, na cika da yashi da ƙasa da ɗan busasshen taki, wallahi kowa ya shigo sai ya tambaya. Amma fa ki huda gindin tukunya, a watan Agusta ruwa ya kwanta min a wata roba saiwar ta ruɓe tas. Ban ruwa sai ƙasa ta bushe. Kariya kuma ki ɗora ta sama saboda yara, ruwan jikinta guba ne.