Wanda ya bar nama, ƙwai da nono za su ishe shi?

Malam, ka ce nama ya yi tsada a kasuwar Maigatari, kana so ka bar shi gaba ɗaya, kana tambaya ko ƙwai da nono za su riƙe iyali. Za su riƙe, in an haɗa da wake.

Ƙwai ɗaya yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 6, kofin nono kuma kusan 8. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bitamin B12, wanda gero da wake da awara ba sa bayarwa, sai abin da ya fito daga dabba. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, don haka kada a hana yara da mai ciki kindirmo. Man shanu dai maiƙo ne, kada ka lissafa shi.

Ta fuskar kiwo ma ƙwai da nono sun fi naman sa. Furotin da kaza ta ci, kusan kashi 25 cikin ɗari yana dawowa a ƙwai, haka ma saniyar tatsa a nono. A naman sa kuwa bai kai kashi 5 ba. Sai dai wannan lissafin na gonakin da ake ɗura wa dabba masara da waken suya ne. Saniyarmu da ke cin harawa da karan dawa, abin da mutum ba ya ci take mayarwa abinci, ga taki kuma.

Da damina ƙwan zabi yana araha, ka nema. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha, saboda cutar bakkale, mai sa shanu ɓari da mutum zazzaɓi, da kuma tarin fuka.