Takalmi, Rigar Ceto da Gwangwanin Kaka: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abubuwan da mutum ke yi don jin daɗin ransa, da kuma kuɗin da suke ci. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su.

Daga wani matashi a Jos: "Kusan kowace Asabar ni da abokaina muna hawa duwatsun Shere. Yanzu mun ƙulla niyyar zuwa Chappal Waddi da rani. Na ga wani tanti a intanet da zai cinye fiye da rabin abin da na tara. In saya?"

Ƙanena, ajiye maganar tantin nan tukuna, mu fara da ƙafarka. Ƙololuwar Shere ta kai kusan mita 1,829, amma da safe kake hawa, la'asar kana gida. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana can cikin gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba, dab da iyakar Kamaru, kuma tafiyar kwanaki ce da kaya a baya. A irin wannan tafiya, abin da ya fi mayar da mutane gida tun ba su kai ko'ina ba shi ne ƙafar da ta yi bororo. Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗinka na takalmi ne.

Nemi wanda ya rufe idon sawu, mai tafi mai kaushi da ba ya santsi. Rufe idon sawun yana tare gurɗewa, yana kuma rage haɗarin saran maciji, domin kububuwa da 'yan uwanta a ƙasa-ƙasa suka fi kai sara. Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsa ɗaya a gaba. A gangara ne za ka gode wa wannan sarari. In gwanjo za ka shiga, kuma babu laifi, kasuwar Katako tana kusa da kai, to ka san wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: soson robar da ke tsakanin tafi da jikin takalmi yana ruɓewa da shekaru, ko da ba a taɓa taka ƙasa da shi ba, domin danshin iska ke cin sa. Sai ka ga takalmi fes a ido, a wuni na biyu tafin ya rabu da shi. Lanƙwasa shi da ƙarfi, danna farce a gefe. In ya tsage, ko yana zubar da gari, ajiye musu abinsu. Wanda ya tsallake gwajin, kai wa mai gyaran takalma ya zagaye shi da ɗinki, sannan ka yi makonni kana hawa Shere da shi kafin ranar tafiya.

Bayan takalmi sai jakar goyo. Ta yini ɗaya lita 20 zuwa 30 ta isa, ta kwanaki kuwa nemi mai lita 50 zuwa 65. Abin dubawa shi ne ɗamarar ƙugu mai kauri, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kafaɗa ta riƙe jakar kawai kada ta yi baya. Kada ka gwada ta babu komai a ciki. Jakar fiya wata guda leda 20 ce, kilo 10 ke nan. Zuba ta ciki, ɗaura ɗamarar, ka zagaya kasuwa da ita. Duba zif da ɗinkin da ya haɗa hannayen da jikin jakar. Nauyin kayanka gaba ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka.

Yanzu tanti. Ku nawa ne? Tanti ɗaya mai cin mutum uku ya ishe ku uku, ku haɗa kuɗi, ku raba ɗaukarsa: wannan sanduna, wancan ƙyalle. Tunda da rani za ku, ba ku buƙatar irin wanda aka yi don ƙanƙarar Turai, kuma yawanci tsadar nan kuɗin ƙanƙarar ce. In na hannu ne, a kafa shi a gabanka, ka ƙirga sandunan, ka shinshina cikinsa. Wanda ke wari, yana danƙo, ko cikinsa na ɓarewa, rufin da ke tare ruwa ya mutu. Abin da ya rage maka ka sa shi a shimfiɗar soso da jakar barci ko bargo mai kauri da hular sanyi. Sanyin dare a saman duwatsun can ba wasa ba ne, ko ga mutumin Jos, kuma ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki.

Guzuri kuwa kakanninmu fatake sun riga sun warware shi: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki, gyaɗa. Ba sa lalacewa, ba su da nauyi. Ruwan rafi ka tafasa shi minti ɗaya, a sama da mita 2,000 minti uku. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na zawo, da tocilar goshi. Kafin ku biya kuɗin mota, ku tuntuɓi ofishin gandun dajin da ke Serti kan izinin shiga da ɗan jagora da halin tsaron hanya a wannan lokacin. Abin da suka ce shi za ku bi, ko da ya zama ɗage tafiyar.

Daga wani dattijo da ya yi ritaya, yana da gona kusa da Tiga: "Ina son kwale-kwale don shan iska da jikokina. Akwai na hurawa mai araha, akwai na faiba, akwai na katako. Wanne ya fi?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Shawarata kada ka sayi ko ɗaya a bana. Nemi masunci mai hankali a bakin dam ɗin, ka riƙa biyansa yana fita da kai, ka koyi riƙon filafili, ka ga yadda iska ke juyawa da rana, ka san inda kututturan itatuwa suke. Tun 1974 aka tare ruwan Tiga, kuma irin waɗannan madatsai daji ne ruwa ya rufe. Abin da ke ƙasa masunta ne suka san shi.

In shekara ta zagayo sha'awar tana nan, ga yadda nake ganinsu. Na hurawa mai arahar nan don tafkin wanka aka yi shi: iska na tura shi inda ta ga dama, ƙaya ɗaya ta gama da shi, ban yarda a sa yaro a cikinsa a kan ruwa mai faɗi ba. Na faiba ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, amma rana na cin sa in ba a rufe ba, kuma in ya fashe sai an nemo mai gyara daga nesa. Na katako yana da nauyi, yana son zama a ruwa don in ya bushe yakan tsage, sai dai duk abin da ya same shi kafintan bakin ruwa zai gyara a ranar. Ni shi zan zaɓa maka, mai faɗin ciki, na katako mai ƙwari irin maɗaci, ka bar shi a hannun masuncin nan yana aiki da shi yana kula da shi, ranar da ka zo ya zama naka.

Abin da za ka saya tun gobe shi ne rigar ceto, kowa da tasa. A jikin ta kirki za ka ga lamba: mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da gaɓa, ku da jikoki mai 100 ko 150 za ku nema, mai wuya mai kauri da ke ɗaga fuska sama. Ta yaro da nauyinsa ake saye, ba da shekarunsa ba, kuma lallai ta zama da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Sa masa, ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, a ruwa zai sulluɓe ya bar ta. Ina nanata wannan ne don har yanzu ba mu manta da Bagwai ba, a watan Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya. Kada a cika jirgi, kada a fita in hadari ya haɗu, kada magariba ta same ku a kan ruwa. Yaran kuma a hana su wasa a ruwan gefe mai ciyawa da dodon koɗi, nan ake kwasar tsargiya.

Daga wata malamar makaranta a Zariya: "Mun sami gwangwani cike da tsofaffin kuɗi a adakar kakanmu, Allah ya jiƙansa. Akwai masu huji, akwai wani babba fari mai hoton mace da shekarar 1780. Wani ya ce miliyoyi ne, wani kuma yana son sayen duka a dunƙule. Ni kuma sun fara ba ni sha'awa."

Amin, Malama. Da farko, in ba a raba gadon ba, gwangwanin nan na magada ne duka. Ki sanar da su kafin a sayar ko a ajiye. Na biyu, kada ki wanke ko ɗaya. Ba toka, ba lemun tsami, ba tsamiya. Duhun da shekaru suka sa masa masu tarawa suna son sa, wanda aka goge kuwa darajarsa faɗuwa take.

Babban farin nan dalar Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwa daga ƙasashen Larabawa zuwa Habasha har ƙasar Hausa sun amince da kuɗin, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, har zuwa zamaninmu. Don haka 1780 ba ta nuna tsufansa, kuma maganar miliyoyi ki bar ta inda kika ji ta. Darajarsa ta azurfar da ke cikinsa ce: na gaske yana da nauyin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Kai wa masu sayar da gwal su ɗora a sikeli. In maganaɗisu ya kama shi jabu ne, kodayake rashin kamawar kaɗai bai isa shaida ba.

Masu hujin su ne anini da ɗari, wato rabin kobo, da kobo. Anini goma ke yin kobo ɗaya, kobo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin fam guda. Duba da kyau za ki ga tauraro mai tsini shida, kuma a na zamanin Turawa har da rubutun Larabci. Aninin farko na 1907 da alminiyom aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. In kin ga mai shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila bai cika shekara ba, ki ware shi don labarinsa. An buga su da yawa, ba su da tsada. Sulallan da aka buga daga 1913 zuwa 1919 na azurfa ne, har da wasu na 1920, na bayansu ba azurfa ba ne, kuma wannan bambancin shi mai sayen dunƙule yake fatan ba ki sani ba. Waɗanda na fi so ni su ne na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da kuɗin ƙasa: taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai bishiyar kwakwar manja, fataka, wato sule biyu, mai gyaɗa. Abin da ƙasar ke ci da shi a lokacin ne aka zana a jikinsu. Sun yi aiki har zuwan naira a ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya zama kobo goma.

Ke malama ce, Malama, ki yi tunanin ajin da aka miƙa wa fataka hannu da hannu ana ba su labarin dalar gyaɗa ta Kano. Abin da mai dunƙule zai ba ku ba zai kai wannan ba. In magada sun yarda, a auna masu azurfar a biya su kuɗinsu, ki riƙe sauran. Kayan ajiya ba su da yawa: kowanne a 'yar ambulan ta takarda, ki rubuta shekara da sunansa, ki sa a akwati wurin da babu danshi. Ki guji leda mai laushi, takan bar kore a jikin ƙarfe. Ki riƙa kama su ta gefe. In kin tashi cike gurbin waɗanda babu, masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi suna da su. Ki tafi da jerin abin da kike nema, ki taya ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya zo miki da labarin kobon da ke jan shinkafa ko wani Bature da ke jira da daloli, kuma ya ce ki fara ba da kuɗin gwaji, ɗan damfara ne.

Daga wata uwa a Gashuwa: "Ɗana mai shekara 14 ya kamu da kallon tsuntsaye, yana son madubin hangen nesa. Na ga wani an rubuta 20x50, an ce ya fi ƙarfi."

Hajiya, ki bar mai 20 ɗin. Lambar farko yawan kusantowa ce, kuma da ta wuce 10 rawar hannu ke hana ganin komai. Saya masa 8x42, ko 8x32 in hannunsa ƙarami ne. Ya leƙa da kansa kafin ki biya: in abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya yi masa nauyi bayan minti guda, madubin ya goce, a canza. Ki haɗa masa da littafin rubutu da fensir, ki gargaɗe shi kada ya taɓa kallon rana da shi. Kuma yaron nan ya yi sa'ar gari: dausayin Haɗeja da Nguru, har da Dagona, yana kusa da ku, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka lokacin sanyi. In hutun Disamba ya zo, a samu babba ya raka shi da sassafe.