Mijina ya tsaya ya kare abokansa har aka kashe shi, shin kashe kai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Mijina ɗan sandan soja ne, an tura su Borno, sai 'yan Boko Haram suka musu kwanton ɓauna, shi ya tsaya yana mayar da wuta har aka kwashe masu rauni a mota, shi kuma a nan ya cika. Yanzu an kira mu a ba shi lambar girma da kuɗi, amma wani ɗan'uwansa yana cewa ai shi ya jefa kansa ga halaka kuma karɓar lambar riya ce. Malam hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam baiwar Allah, Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Toh maganar ɗan'uwan nan nasa ba daidai ba ce. Ayar da yake nufi ita ce ta 195 a Baƙara, wadda ta ce kada ku jefa kanku ga halaka, kuma ai an taɓa karanta ta a irin wannan wuri, lokacin yaƙin Ƙusɗanɗiniyya (Istanbul ta yau) wani mutum ya kutsa cikin sahun Rumawa mutane suka ce ya jefa kansa ga halaka, sai Abu Ayyubal Ansari ya miƙe ya ce a'a, a kanmu Ansar ta sauka da muka so mu zauna gyaran dukiyarmu mu bar fita jihadi, Abu Dawud da Tirmizi sun kawo wannan. A Uhudu ma Abu Dujana bayansa ya tara kibau na sauka a kai don ya kare Annabi (SAW), hannun Ɗalha kuwa shanyewa ya yi. Mai kashe kansa mutuwar yake nema, mijinki kuwa rayukan wasu yake nema su tsira, abokan gaba ne suka kashe shi.

Batun shahada muna masa fata mai ƙarfi, don hadisin Sa'idu bin Zaid ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ko jininsa ko addininsa shahidi ne. Sai dai ba ma yanke wa mutum takamaimai, Bukhari ma babi guda ya yi cewa ba a cewa wane shahidi ne, niyya Allah kaɗai ya sani. Ki riƙa cewa muna fata in sha Allah.

Lamba kuwa ki je ki karɓa. Riya a zuciyar mai aiki take lokacin da yake aikin, shi da yake kabari ina ya san za a ba shi? Sayyidina Umar ma ya ɗora wa wata bazawara 'yar wani sahabi mai suna Khufaf kayan abinci da tufafi a raƙumi saboda abin da mahaifinta da ɗan'uwanta suka yi a fagen fama. Amma in kina cikin takaba, wata 4 da kwana 10, gara a wakilta wani, in ya zama dole sai ke toh ki fita da rana ba kwalliya ki dawo ki kwana ɗakinki.

Kuɗin ne ke haɗa dangi faɗa, nan ki kula. Albashinsa da bai karɓa ba da haƙƙoƙin aikinsa gado ne, a fara biyan bashinsa tukuna don a Sahihu Muslim ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, sannan a raba. Abin da aka ba ki ke ko yaran kyauta da sunanku naku ne, ba ya shiga rabo. Ki sa a karanta muku takardar da kyau a ga wanne ne wanne. Wallahu a'alam.