Me Ya Sa Kayan Oganik Suka Fi Tsada A Kanti?

Malam, ka tambaya ko tsadar kayan oganik, waɗanda aka noma ba takin zamani ba feshin sinadari, cuwa-cuwar masu kanti ce kawai. A'a, yawancin kuɗin tun daga gona yake tasowa.

Amfanin gonar oganik kan gaza na gonar zamani da kusan kashi 20 cikin ɗari. Ciyawar da wani zai kashe da feshi ɗaya, shi manomin oganik sai ya biya 'yan ƙwadago su bi kunya-kunya da fartanya, ruwa ya sauka su sake komawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne lokacin sauyi zuwa noman oganik: a Amurka sai ƙasa ta yi shekara 3 ba a zuba mata sinadarin da aka hana ba kafin a ba da takardar shaidar oganik. Duk tsawon nan manomi girbi kaɗan yake yi, yana sayarwa a farashin kowa. Ga kuɗin masu duba gona kowace shekara.

Mai kanti ma dole ya ware kayan wajen ajiya da jigila, abin da ya ruɓe kuma mai saye ke biya. Amma gaskiya wasu kantuna suna ƙara riba, don sun san mai neman oganik bai cika ja da farashi ba.