Ba ni da lokacin zuwa salun: wane gyaran jiki zan yi a gida da ba zai taɓa min sallah ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yarana uku, wani satin diyutin safe wani satin na kwana, in na dawo ga girki ga wanki ga aikin makarantar yara, wallahi sai in yi sati uku ban zauna gaban madubi ba. Maigidana bai ce komai ba amma ni na san na saki jikina. Ƙawayena a wajen aiki suna ta ce min in yi kitson atach tunda yana kai wata biyu ba a tsefe ba, in sa jan farce da gashin ido, in gyara gira, in haɗa man ƙarin haske. Wata kuma ta ce min in mace tana al'ada haramun ne ta yi kitso ko lalle ko ta yanke farce, alhali ni kwanakin nan ne ma nake ɗan samun sarari. Dan Allah Malam a warware min.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa Allah ya saka miki da alheri, ya sa albarka a aikinki da yaranki. Kafin komai ki cire a ranki cewa son kwalliya wani rauni ne a addini. Allah yana cewa a Suratul A'araf aya ta 32, wa ya haramta adon Allah da ya fitar wa bayinsa? Kuma a hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, sahabbai sun dawo daga tafiya sun kusa shiga Madina sai Annabi (SAW) ya ce su dakata sai dare, don wadda kanta ya hargitse ta samu ta taje, wadda mijinta ya jima ba ya nan ta samu ta yi aski. Kinga shi da kansa ya san gyaran mace lokaci yake ci, har ya tsayar da rundunar maza don a ba ta lokacin. Toh maigida shi ma ya ji wannan, in yana son ganin ado ya riƙe yaran awa ɗaya ranar hutunki.

Bari in fara da maganar al'ada tunda ita ce ƙofar sauƙinki. Wannan da aka gaya miki ba shi da asali. Babu aya babu hadisi ingantacce da ya hana mai haila kitso ko lalle ko yanke farce ko aski. Nana A'isha ma al'ada ta zo mata a hajjin ban kwana, Annabi (SAW) ya ce mata ta warware kanta ta taje, kuma kowa ya san ba a taje kai gashi bai zuba ba. Don haka kwanakin da ba kya sallah su ne ma kwanakin da ya fi dacewa ki yi tsifa, ki wanke kai, ki yi kitso, ki yi ƙunshi ki zauna da shi awa uku ba kya tunanin la'asar za ta wuce.

Jan farce kuwa shi a karan kansa ba haramun ba ne, launi ne kamar sauran launuka, matsalarsa ɗaya ce, yana bushewa ya zama ɓawo a kan farce ruwa ba ya ratsa shi, farce kuma yana cikin hannun da aka ce a wanke. Duk alwalar da kika yi da shi ba ta yi ba, sallar da kika yi da wannan alwalar sai kin rama. In kina so ki sa a kwanakin al'ada ki goge shi tas kafin wankan tsarki, ki duba gefe-gefen farcen da kyau don nan yake maƙalewa. In kika yi alwala sannan kika sa, sallarki ta yi har zuwa sanda alwalar ta karye, amma ni ba na ba mai aiki irin naki wannan shawarar, azahar za ta riske ki a tsakiyar marasa lafiya ba ki da abin gogewa a jaka, daga nan ake fara jinkirta sallah. Farcen roba da ake mannawa da gam hukuncinsa ɗaya, ya ma fi wahalar cirewa. Wanda ake tallatawa a intanet wai ruwa na ratsa shi, kada ki ɗora sallarki a kan maganar mai talla. Lalle ya raba ki da duk wannan, da zarar kin wanke kwaɓin abin da ya rage rini ne kawai ba jiki gare shi ba, ki yi alwala ki yi wanka lafiya lau. Sai dai ki kula da baƙin nan na dayis, akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa da yake ƙona fatar wasu matan har ta yi ƙuraje ta ɗuri ruwa, in kin taɓa gani ya yi miki haka toh ya haramta a kanki saboda cutarwar, ki koma jan lalle na gargajiya.

Yanzu kitso, nan ne zan ɗan daɗe don nan tambayar mata ta fi yawa. Kitso da gashinki halal ne, kuma ba sai kin tsefe shi duk sanda wanka ya kama ki ba. Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) ta ce ni mace ce mai tsananta kitso, in warware shi don wankan janaba? Ya ce a'a, ya ishe ki ki kamfata ruwa sau uku ki zuba a kanki sannan ki kwarara a jikinki. Muslim ne ya ruwaito. Da labari ya kai wa Nana A'isha cewa Abdullahi ɗan Amr yana umartar mata su warware kitso in za su yi wanka, cewa ta yi abin mamaki, me ya hana ya ce su aske kawunansu ma? Abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure kenan, mace ta cuccuɗa gashinta ruwa ya shiga, ba a ɗora mata warware kitso ba. Sharaɗin dai ruwan ya kai fatar kai. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka ce in an ɗaure kitson da zare mai yawa ko an matse shi har ruwa ba ya shiga toh sai an warware. A wankan haila Hambalawa sun ce a warware, mafi yawan malamai sun ce ba dole ba ne, ke kuma in kika mayar da tsifarki ƙarshen al'ada kin fita daga saɓanin gaba ɗaya, ko ki yi kitson a farkon kwanakin ki bi maganar mafi yawa, duka biyun babu laifi. Shuku, kalaba manya guda shida ko takwas, duk suna kai sati biyu kuma ƙanwarki ko maƙwabciya za ta yi miki cikin rabin awa. A alwala kuma ki sa hannu ƙarƙashin ɗankwali ki shafi kan, a mazhabar Malik ba a shafa a kan ɗankwali haka kawai.

Atach kuwa ba zan ɓoye miki ba, ki bar shi. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta zo ta ce ya Manzon Allah 'yata amarya ce, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, in ƙara mata? Ya ce Allah ya tsine wa mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Ki duba uzurin matar nan fa, amarya, ga ciwo, ga miji yana jira, duk da haka ba a ba ta dama ba, toh ƙarancin lokaci bai kai wannan uzurin ba. Na san za a ce ai na yanzu roba ne ba gashin mutum ba, kuma gaskiya ne akwai magabata irin su Sa'idu ɗan Jubair da Laisu ɗan Sa'ad da suka sauƙaƙa a kan zaren ulu ko alharini, amma a Muslim akwai hadisin Jabir cewa Annabi (SAW) ya tsawatar a kan mace ta haɗa wani abu da gashinta, kuma da shi Malik ya yi riƙo. Abin da na gamsu da shi, duk abin da in an kalla za a ɗauka gashinki ne ya shiga hanin, roba ne ko na mutum, amma zare mai launi ko ribom da kowa ya san ba gashi ba ne don ɗaure jela, wannan ba komai. Ga kuma abin da ke da kanki kin fi ni sani, kan da ya yi wata biyu a ɗaure ana tsoron jiƙa shi don kada ya yi wari, yaya wankan janabarsa zai kasance? Ga cin goshi da yake yi. Gashin ido na manne shi ma da yawan malaman wannan zamanin sun haɗa shi da ƙarin gashi, ko da mutum bai yarda da wannan ƙiyasin ba gam ɗin yana zaune a fatar ido inda ruwan alwala ya wajaba ya taɓa.

Gira, hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya ambaci tsinuwa a kan masu tsaga jiki su cusa launi, da masu tsige gira, da masu buɗe wushirya don ado. Askewa da reza a sirantar da ita duk manufar ɗaya ce. Wanda ake yi yanzu da allura a zana girar ta yi shekara ba ta goge ba, shi ne ainihin tsaga jiki a cusa launin da hadisin ya fara ambata. Ki taje ta da ɗan buroshi ki bi ta da jagira, minti ɗaya ne. In kuma gashi ya fito wa mace a haɓa ko saman leɓe ta cire abinta, Imam Nawawi ma cewa ya yi an so ta cire.

Man bilicin ina roƙonki da Allah kada ki fara. Ke nas ce, kin san abin da sitiroyid da sinadarin makuri da ake zubawa a irin waɗannan mayukan suke yi, fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa, gwiwa da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata, wasu har ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ƙa'idar shari'a ita ce ba cuta ba cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, ga shi kuma ya haɗa da ƙin launin da Allah ya zaɓa miki. Wanda likitan fata ya rubuta don tabo ko wata lalura na ɗan lokaci, wannan magani ne, daban yake. Amma gyaran da zai wanke datti ya fito da asalin hasken fatarki, dilka, kurkum da madara, sabulun salo, man kaɗanya, man kwakwa, halawar sukari da lemun tsami da matan Barno da Sudan suka ƙware a kai, duk halal ne ki yi son ranki. Mai in ya nutse a fata ba ya hana alwala, wanda ya yi kauri ya daskare kamar basilin da aka lafta ko fawundeshan ɗin da aka yi shi don kada ruwa ya wanke shi, shi ne za ki goge tukuna.

Kwalli sunna ne, an yabi ismid, wato wani nau'in dutsen kwalli, a hadisi cewa yana ƙara gani yana tsirar da gashin ido. Sai dai ba duk abin da ke cikin tandu ne ismid ba, da yawan na kasuwa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka an sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce, mu kuma da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa ba. Ki nemi mai rajista, kuma kada ki sa wa jarirai wanda ba ki san asalinsa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan lada kuma bai cin ko sisi shi ne sunnonin fiɗira, yanke farce, cire gashin hammata, aske na mara, Anas ya ce an iyakance musu kada su wuce kwana 40, ke ki mayar da shi duk Juma'a ko duk sati biyu, minti goma ne a banɗaki. Ki ajiye asuwaki a aljihun yunifom, ki ajiye dutsen goge kaushi inda kike wanka, bayan isha ki shafa man kaɗanya a dugadugi ki sa safa, faso ba zai kama ki ba ko da hunturu.

Turare kuma ki raba shi gida biyu. Humra da turaren wuta da duk mai tashi na cikin gida ne, ki turara ɗaki da kayan barcinki, lada ne. In za ki fita kuwa Annabi (SAW) ya ce wa mata in ɗayarku za ta masallaci kada ta taɓa turare, in masallaci aka hana toh Keke Napep da wajen aiki sun fi cancanta. Wannan ba yana nufin ki fita da warin zufa ba, ki sa alimun ko rolon marar ƙamshi mai tashi, kuma ki ware hijabin fita daban kada ki rataye shi inda hayaƙin kasko zai kama shi. Jan baki da hoda mai nauyi su ma ki bar su a jaka sai kin dawo, ko a mota a ƙofar gida in maigida ne ya ɗauko ki.

Wallahu a'alam.