Tambaya da Amsa: Anti, ana sa ni cike takardar ƙarya a gidan tsofaffin da nake aiki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ƴar Kaduna ce, ina Ingila da bizar aikin kula da tsofaffi. Gidan da nake aiki ƙarami ne, mutum tara ne a ciki kusan duk gigin tsufa ya kama su, kuma mai gidan ita ce manaja ita ce kuma ta tsaya min a biza. Da dare ni kaɗai ake bari. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya juyawa da kanta, a takardarta an rubuta a riƙa juya ta duk awa biyu kuma sai mutum biyu ne za su juya ta, toh ni da wa? In gari ya waye sai manajar ta ce in cike takardar in sa hannu kamar an yi. Yanzu gyambo ya fito wa tsohuwar a ƙasan baya, na gan shi ina canja mata famfas, wallahi Anti har ya fara wari, na ce a kira nas manajar ta ce man shafawa ya isa. Ruwa ma sai kofi ya wuni a kan tebur inda hannunta ba ya kaiwa, a takarda kuma an rubuta ta shanye. Ran Lahadi in ɗanta zai zo sai a gyara ta a fesa turare. A bakin ƙofa ga takardar hukuma an manna wai gidan yana da kyau. Da na yi magana cewa ta yi in tuna wa ya kawo ni ƙasar. Ina da ƙanne a makaranta, ga bashin da na ci na taho ban gama biya ba, barci ma ya gagare ni. Wa zan kai wa ƙara, kuma in na kai za a kore ni daga ƙasar?

Ƙanwarki, daga arewacin Ingila

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta tayar min da hankali ƙwarai, kuma kafin mu je maganar hukuma da lasisi bari mu fara da gyambon, don shi ba ya jira. Gyambon kwanciya da ya buɗe har yana wari ya wuce man shafawa, ƙwayar cuta na iya bi ta nan ta shiga jini, tsoho mai rauni kuwa kwana kaɗan ya ishe shi. A daren da kike bakin aiki ke ce mai alhakin mutanen nan, ba sai kin nemi izinin kowa ba kafin ki buga 111, lambar neman shawarar lafiya ta gaggawa, ki faɗi abin da kika gani, su za su haɗa ki da likita ko nas masu zagayawa gida gida. In jikinta ya yi zafi, ko numfashinta na sauri, ko ta rikice fiye da yadda kika saba ganinta, 999, lambar kiran motar asibiti, za ki buga kai tsaye. Yau ɗin nan, ba gobe ba.

Sai takardar nan, dan Allah ki daina sa hannu a kan abin da ba a yi ba. Tun 2015 akwai doka a Ingila da Wels da ta ce ma'aikacin kula da ya wulaƙanta wanda yake kulawa ko ya yi sakaci da shi da gangan ya yi laifin da ɗaurinsa ke kaiwa shekara 5, ga hukumar DBS da za ta iya sa sunan mutum cikin waɗanda aka haramta wa wannan aikin gaba ɗaya. Ran da abu ya ɓaci masu bincike takarda za su fara ɗauka, sunan wa za su gani a layin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare? Naki. Matar da ke sa ki cikewa ita ce za ta ce ai ita takarda ta gani ta yarda. Ki rubuta gaskiya a gurin, ƙarfe biyu ba a juya ta ba, ma'aikaci ɗaya ne a gidan, na sanar da manaja. Kuma kar tausayi ya sa ki ce bari ki jawo ta ke kaɗai, za ki iya saɓule mata fata ko ta faɗo, ke ma bayanki ya tafi.

Toh wa za ki kai wa? Guri biyu ne kuma aikinsu daban, mutanenmu da yawa suna haɗa su. Na farko ƙaramar hukumar da gidan yake cikinta, kansil ɗin, suna da sashen kare manya masu rauni, dokar kula ta 2014 sashe na 42 ta ɗora musu dole su bincika in aka sami dalilin zaton ana zaluntar wani mai buƙatar kulawa ko ana sakaci da shi, ko shi ke biyan kuɗin gidan da kansa ko gwamnati ke biya. Su ne za su dubi tsohuwar ita kanta, su kira ɗanta, in ta kama su sa ƴan sanda a ciki. Suna da lambar dare ma. Na biyu CQC, hukumar da ke riƙe da rajistar gidan, ta fara aiki 2009, kuma ba ruwanta da ƙanƙantar gida, gado uku ne ko gado ɗari, muddin ana kwana ana yi wa mutum wanka da canjin kaya sai da rajistarta. Ita ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, gidan take dubawa, tana iya zuwa ba sanarwa, ta ba da takardar gargaɗi, ta hana karɓar sabbin mutane, ta dakatar da rajista ko ta soke ta, har ta kai mai gida kotu in sakacinsa ya jawo cutarwar da za a iya kaucewa. Duka biyun za ki sanar, kar ki ce ɗaya zai gaya wa ɗaya.

In kin kira su kar ki tsaya a kan ana cutar tsofaffi, ki ba su abin da za su kama. Dokokin 2014 da ake auna gidajen da su sun yi magana a kan kulawa ba tare da cutarwa ba, da ci da sha, da isassun ma'aikata, sai dai ba su yanke adadi ba cewa mutum kaza ma'aikaci kaza, isassu kawai aka ce, shi ya sa masu gidaje ke samun wurin fakewa. Amma ke hujjarki a hannu take, takardar gidan da kanta ta ce mutum biyu, jadawalin aiki ya nuna mutum ɗaya, wannan ba ya buƙatar dogon turanci. Ki gaya musu kuma gyambo ne mai zurfi ba a kira nas ba, don irin wannan doka ta ce gidan ya sanar da CQC da kansa, kamar yadda zai sanar da mutuwa ko zargin cin zarafi. Ki sami ɗan littafi naki ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da kika gani da abin da aka ce miki, lambar ɗaki kawai ba suna ba. Kar ki ɗauki hoton jikin baiwar Allah a wayarki, kar ki kwashi takardun gidan ki tafi da su, kar ki sa a guruf ɗin WhatsApp ko TikTok komai zafin da kike ji, tsiraicin uwar wani ne, kuma da shi za a juya maganar ta koma kanki.

Takardar da kika gani a ƙofa kuwa, je ki duba kwanan watan da ke jiki. Makin hawa huɗu ne, ya yi fice, yana da kyau, yana buƙatar gyara, bai kai ba, kuma abin da sifeto ya gani ne ran da ya zo, wata ƙila shekaru da suka wuce, wata ƙila ma da rana tsaka an cika gida da ma'aikata. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki CQC ɗin kanta, ta gano kusan ɗaya cikin biyar na guraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, ziyarar duba ta ragu ba ta kai rabin ta kafin korona ba, wasu gidajen makinsu tun 2015 yake, har ministan lafiya na lokacin Wes Streeting ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta don shi. Ba kuma yau aka fara ba, a 2011 sai da ɗan jaridar BBC ya shiga wani asibiti mai zaman kansa mai suna Winterbourne View kusa da Biristol da ɓoyayyiyar kyamara kafin duniya ta ga azabar da ake gana wa masu lalurar ƙwaƙwalwa a ciki, alhali wani nas ya riga ya kai ƙara CQC ba a bi ta kai ba, ƙarshe ma'aikata 11 kotu ta kama da laifi, 6 suka tafi gidan yari. Ban kawo wannan don in kashe miki gwiwa ba, so nake in kin kira shiru ki sake kira, ki karɓi lambar ƙorafi ki ajiye, ki bi da imel.

Ƙananan gidaje akwai na kirki sosai, wasu sun fi manya sanin mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsu in mai gida ya lalace babu na sama da shi, a babban kamfani za ki tsallake manaja ki je ofishin yanki, a naku kuwa mai gida da manaja da mai biyan albashi da mai riƙe da biza duk mace ɗaya ce, waɗanda ake cuta kuma ba sa iya ba da labari. In ke da kike kwana a gurin ba ki faɗa ba, babu ta inda sifeto zai sani.

Maganar biza ba zan rufe ki ba, gaba kura baya sayaki ne. Matar ba ta da ikon korar ki daga ƙasa, ma'aikatar cikin gida ce kaɗai ke da wannan. Amma in ta sallame ki, ko aka rufe gidan, ko aka ƙwace mata lasisin ɗauko ma'aikata, yawanci ana rage bizar mutum zuwa kwana 60 ya sami wani mai tsaya masa. Ba ke kaɗai ba ce, daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 an soke irin wannan lasisin sama da 470 a ɓangaren kula, abin ya taɓa ma'aikata sama da 39,000, shi ya sa aka buɗe cibiyoyi yanki yanki a Ingila masu haɗa irinku da sabon gurin aiki. Tun Yulin 2025 an rufe ɗauko sabbin masu wannan aikin daga waje, amma wanda ke ciki yana iya canja gurin aiki. Dokar kare masu tona asiri ta 1998 tana kare ki in kin kai wa CQC, korar ki saboda haka haramun ne a doka ko yaushe kika fara aikin, sai dai dokar kotun ma'aikata take kai ki, ba ta tsayar da lissafin kwana 60 ɗin, kuma wa'adin shigar da ƙara gajere ne, wani ɓangarensa kwana 7 kacal. Don haka tun yau ki fara neman wani gurin a ɓoye, ki shiga ƙungiyar ƙwadago irin Unison, ki kira Protect, ƙungiya ce mai ba masu tona asiri shawara kyauta, ki ga lauyan biza mai rajista ba ɗan guruf mai karɓar kuɗi ba. Kina iya kai ƙara ba suna, ko ki ba da suna ki ce a riƙe a sirri, ko da yake a gidan da ma'aikata ba su da yawa za ta iya zargin ki, wannan gaskiya ce. Ni dai shawarata neman aikin ya tafi tare da ƙarar, kar ki ce sai kin samu tukuna, tsohuwar ba ta da wannan lokacin. Allah ya tsare ki ya buɗa miki, ki rubuto min yadda ake ciki.

TAMBAYA

Salam Anti. Mahaifinmu ya sami shanyewar ɓarin jiki, yana gurina a Ingila, ni da maiɗakina duk muna aiki, an ba mu shawara mu kai shi wani ƙaramin gida na sati biyu mu ɗan huta. Kunya ma nake ji in faɗa a gida. Ta yaya zan gane gidan kirki?

Ɗan'uwanki, a sakaya suna

AMSA

Wa'alaikas salam Malam, Allah ya ba Baba lafiya ya saka muku. Babu abin kunya a sati biyu, mai jinya in ya faɗi majinyaci ne ke shan wuya. Ka shiga shafin CQC ka karanta rahoton gidan gaba ɗaya da shekarar da aka yi shi, ba makin kaɗai ba, in a Sikotland ko Wels ne hukumominsu daban ne. Ka je ba tare da ka faɗa ba, lokacin cin abinci, ka ga ko ana zama a ba wanda ba ya iya ci da kansa, ka ga inda ake ajiye ruwa, ka tambaya kai tsaye mutum nawa ke kwana a bakin aiki kuma ido biyu suke ko barci. Abincin halal da alwala da sallah, da cewa namiji ne zai yi masa wanka in haka yake so, duk a rubuta su cikin takardar kulawarsa kafin ya shiga, kar ka yarda da alkawarin baki. Tun Afrilun 2024 doka ta hana gidajen Ingila toshe ziyara sai da babban dalili, don haka ka riƙa leƙawa a lokuta daban daban, kai da kanka ka duba diddigensa da ƙugunsa da ƙasan bayansa, a fatarmu ba lallai ka ga ja ba, gurin ne zai yi duhu ko tauri ko zafi. In ka ga haka ka nemi a kira nas a ranar, ka kuma sa a rubuta a gabanka.