A Ingila ba a tsallake wa yaro aji

Yaya, na ga tambayarki kan jikan nan naki, wai tunda kansa na ja, in sun sauka Ingila a kai shi aji na gaba kamar yadda aka yi masa a gida. To, a nan da wuya a yi haka. Ranar haihuwa ce ke ajiye yaro a aji: waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta tare suke tafiya, ko da yaro ya haddace littafin lissafi kaf. Sai dai a ƙara masa aiki mai tauri, a sakandare kuma a sa shi cikin rukunin 'yan gaba.

Shi ya sa mutanenmu da suka kwana biyu a nan makaranta suke fara nema, sannan gidan haya. Makarantar gwamnati in masu nema suka yi mata yawa, galibi nisan gida ake aunawa, layi ɗaya kan raba yaro da gurbi. Sabon zuwa kuwa arhar haya yake bi, sai ya sa hannu sannan ya ji labari.

Akwai makarantun girama guda 163, wato sakandaren gwamnati masu zaɓen yara masu ƙoƙari, kyauta ne, amma sai an ci jarrabawar 11-plus. Galibi ana zana ta a Satumba, farkon aji 6 na firamare, rajista kuwa yawanci tun kafin dogon hutu ake rufewa. Suna da yawa a Kent da Buckinghamshire, akwai a Birmingham, wasu yankunan ko ɗaya babu. Yaranmu ba lissafi ke kayar da su ba, yawan kalmomin Turanci ne da saurin amsawa. Takardar neman sakandare ana miƙa wa ƙaramar hukuma zuwa 31 ga Oktoba, amsa ta fito 1 ga Maris. Wanda ya zo tsakiyar shekara, inda aka samu gurbi nan za a kai shi, ya shiga jerin masu jira a inda yake so.

Ni dai rahoton Ofsted, hukumar da ke duba makarantu, shi kaɗai ba ya gamsar da ni. Iyayensa su je makarantar da ƙafarsu, su tambayi malamin aji: in yaro ya gama aiki kafin kowa, me ake ba shi? In aka ce yana taya 'yan'uwansa ne kawai, su leƙa wata. Su kuma duba nisan islamiyya, don da yamma ko ƙarshen mako muke kai namu, ga duhu da wuri lokacin sanyi.

Ki turo min ranar haihuwarsa, in gaya miki ajin da zai faɗa.